Yadda Matasa Ke Gadon Labarin Siyasar da Ba Su Gani Ba: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk ranar 15 ga Janairu, tun kafin rana ta ɗaga, hotunan Sardauna kan cika shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa. Wani ya saka wanda yake cikin rawani da alkyabba, wani ya saka wanda suke tsaye tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ƙasa kuma addu'o'i su yi ta sauka: Allah Ya jiƙan Gamji, Allah Ya bi masa haƙƙinsa. In ka bi sawun masu sakawar, za ka tarar yawancinsu ba su kai shekara 30 ba. A 1966 aka kashe Sardauna, lokacin iyayen wasunsu ma ba a haife su ba. Duk da haka ɓacin ran da ke cikin kalamansu na gaske ne. Sai ka ga matashi ya raba dare yana musayar zafafan maganganu da wani matashin na Anacha ko Ibadan, a kan mutumin da su duka biyun ba su taɓa sa shi a ido ba.

Fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 25 ba. Wato ba su ga mulkin soja ba, balle Jamhuriya ta Farko. Amma kowannensu yana da ra'ayi a kan Nzeogwu da Gowon da Abacha, kuma da wannan ra'ayin yake shiga rumfar zaɓe. Shi ya sa yake da kyau a san ta wace hanya labarin jiya ke isowa kunnen yaron yau, da abin da ke zubewa a hanya.

Wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Maurice Halbwachs, ya yi rubutu a kan wannan tun 1925. A taƙaice, cewa ya yi mutum ba ya tuna abu shi kaɗai. Gidansu da unguwarsu da addininsu da jam'iyyarsu ne ke zaɓar masa abin da zai riƙe da abin da zai saki, kuma buƙatar yau ce ke yin zaɓen. Daga baya wani Bajamushe, Jan Assmann, ya ƙara da cewa labarin da ke tafiya daga baki zuwa baki ba ya wuce shekara 80 zuwa 100, wato daga kaka zuwa jika ko tattaɓa-kunne. In wa'adin ya cika, duk abin da bai shiga littafi ko waƙa ko sunan titi ko bikin shekara-shekara ba, ya tafi ke nan. Ku lissafa da kanku: wanda yake da shekara 20 a 1966, yanzu yana bakin 80. Mun zo gab da lokacin da ganau za su ƙare, a bar mu da jiyau.

Abu ɗaya, labari uku

Bari mu fara da abin da babu saɓani a kansa. A daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, ana cikin azumi, wasu matasan hafsoshin soja suka tashi kifar da gwamnati. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci harin da aka kai gidan Firimiya, aka kashe Sardauna, Sir Ahmadu Bello, da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarwakinsu. A Ibadan aka harbe Firimiyan Yamma, Samuel Akintola. Cikin manyan sojojin da aka kashe akwai Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftana-Kanar Abogo Largema da Laftana-Kanar James Pam, duk 'yan Arewa. Akwai Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde daga Yamma, akwai kuma Laftana-Kanar Arthur Unegbe, ɗan ƙabilar Ibo. Mafi yawan waɗanda suka shirya juyin 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma ba a kashe ko ɗaya daga manyan 'yan siyasar Gabas ba.

Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu kisan gaban shari'a ba. A watan Mayu ya fito da Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Biranen Arewa suka kama da wuta. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Ironsi tare da mai masaukinsa a Ibadan, Laftana-Kanar Adekunle Fajuyi, da sojojin Ibo masu yawa. A watannin Satumba da Oktoba aka karkashe 'yan ƙabilar Ibo farar hula a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da wasu garuruwa. Ana jayayya a kan adadin, amma babu mai musun cewa dubbai ne. A Gabas ma an kashe 'yan Arewa mazauna can. Ranar 30 ga Mayu 1967 gwamnan sojan Gabas, Ojukwu, ya ayyana ƙasar Biyafara, aka shiga Yaƙin Basasa a watan Yuli, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu 1970.

To ku saurari yadda wannan labari ɗaya ke isa gidaje. Yaron da ya tashi a Kano ko Sakkwato, nasa labarin yakan fara ne ranar 15 ga Janairu, ya kuma tsaya kusa da nan: an kashe mana shugabanni cikin azumi, sannan aka riƙa yi mana dariya a kasuwanninmu. Yaron Inugu ko Aba, nasa yakan fara daga Satumba: jiragen ƙasa da suka iso da masu gudun hijira da raunuka, yara da yunwa ta kumbura wa ciki, kisan da aka yi a Asaba a watan Oktoban 1967, da fam 20 da aka ba mutane bayan yaƙi a madadin ajiyarsu ta banki. Yaron Ibadan kuwa zai ba ka labarin maguɗin zaɓen 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo baya, da Awolowo a kurkukun Kalaba, da Fajuyi da ya mutu tare da baƙonsa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowannensu dai an fara masa labarin ne daga inda aka cuci nasa, aka kuma rufe masa shi kafin a kai inda nasa suka cuci wasu. Wannan ita ce babbar ɗabi'ar labarin gado a ko'ina cikin duniya, kuma wanda bai san da ita ba yakan ɗauki rabonsa a matsayin dukiyar gaba ɗaya.

Zaure da tsakar gida

Makarantar farko ita ce gida. Tsoho ba ya ba ka labari da kwanan wata ko lambar doka. Zai gaya maka inda yake zaune lokacin da labarin ya iso, da yadda kasuwa ta watse, da yadda aka sha ruwa ranar babu mai iya haɗiye tuwo. Zai yi shiru a tsakiya, ya girgiza kai, ya ce, "Kai dai bari, yaro." Wannan girgiza kan ta fi shafi goma na littafi shiga zuciya. Yaro yana iya manta sunan Largema, amma ba zai manta yadda muryar kakansa ta canza ba. Da haka ne ɓacin rai ke riga sani isowa.

Akwai kuma abin da masana suka lura da shi. A 1989 wasu masu bincike a Amurka, Howard Schuman da Jacqueline Scott, sun wallafa sakamakon tambayar da aka yi wa mutane game da manyan abubuwan da suka faru a rabin ƙarnin da ya wuce. Sai suka tarar kowa ya fi ambaton abin da ya faru yana matashi, daga balaga zuwa farkon shekaru ashirin. Ku gwada a gidajenku. Kaka zai koma 1966, uba zai koma juyin mulkin 1983 ko zaɓen 12 ga Yuni 1993, ɗa kuwa zai ce harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012 ko zanga-zangar Agustan 2024. Lokacin da mutum ya fi tunawa shi ne kuma lokacin da yake da ƙarfi a jika, gwiwa ba ta ciwo, bai san kuɗin makarantar yara ba. Dole labarin ya yi zaƙi. Hausawa sun riga masana gane wannan, tunda sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Shiru ma gado ne. Dubban 'yan Arewa sun je Yaƙin Basasa, amma kaɗan ne suka zauna suka gaya wa jikokinsu abin da suka gani a fagen daga, ko abin da hannunsu ya yi. Wanda ya shiga tarzomar Sabon Gari bai ba da labari ba. Abin takaici, wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa, shi ma sau da yawa bai ba da labari ba, alhali irinsu suna da yawa, daga talakawa har sarakuna. Sai jika ya taso bai san laifin ba, bai kuma san alherin ba.

Waƙa ta fi littafi gudu

An rubuta littattafai masu kyau a kan wannan zamani. Sardauna da kansa ya bar tarihin rayuwarsa a 1962, John Paden ya rubuta babban littafi a kansa a 1986, malaman tarihi na Zariya da Kano kuma sun yi aiki a kan jam'iyyar NEPU. Matsalar ita ce yawancinsu da Turanci suke, suna kuma kwance a ɗakunan karatu na jami'a. Abin da ke da Hausa, yake kuma shiga mota da shagon tela da teburin mai shayi, shi ne waƙa. Matashin da bai taɓa buɗe Paden ba ya san Sardaunan da Musa Ɗanƙwairo ya waƙe. Ya ji Shata da Ɗan Maraya Jos da Sarkin Taushin Katsina, har ya haddace kirarin mutanen da bai san muƙaminsu ba.

Makaɗin fada kuwa aikinsa yabo ne, kuma ba aibi ba ne a gare shi, don ba a ɗauke shi aikin alƙali ba. Waƙa kamar rariya take: garin yabo ya wuce, tsakin kuskure ya tsaya a sama a zubar. Bayan shekara sittin sai a wayi gari mutum ya zama kirari zalla. Matashin da yau ke jin Rarara yana waƙe gwamna, ya san sarai akwai abin da waƙar ba ta faɗa ba, don yana ganin gwamnan da idonsa. Amma in ya ji ta Ɗanƙwairo sai ya ɗauke ta tamkar shaidar kotu.

Sai kuma sunaye da hotuna. Duk wanda ya taɓa riƙe naira 200 ya ga fuskar Sardauna, naira 5 tana ɗauke da Tafawa Ɓalewa, naira 20 kuma da Murtala. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, filin jirgin saman Malam Aminu Kano, asibitin Gambo Sawaba na Zariya, filin wasa na Sani Abacha da ke Kano: yaro yana faɗin waɗannan sunaye ga direban adaidaita tun kafin ya san su wane ne. Suna a jikin gini yana koya wa yaro abu ɗaya tak, cewa wannan babban mutum ne. Ba ya gaya masa me ya yi, da wa ya yi faɗa, ko a kan me.

Faɗan da aka shafe

A nan ne, a ganina, aka fi yi wa matasan Arewa ƙwange. Ku dubi fastocin da ake liƙawa a bayan motoci da shaguna: Sardauna da Malam Aminu Kano kafaɗa da kafaɗa, kamar 'yan jam'iyya ɗaya. Yaro zai ɗauka a wancan zamanin Arewa tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, daga baya ne 'yan siyasar yanzu suka raba ta. Ba haka aka yi ba.

Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu ya zama jagoranta. Abokiyar hamayyarta ita ce NPC ta su Sardauna. 'Yan NEPU masu Sawaba da tauraro a gefe guda, 'yan NPC masu Salama da fartanya a ɗaya gefen. Abin da NEPU ke yaƙa shi ne mulkin En'e: haraji da jangali, aikin tilas, dogarai da 'yan doka, da kotun alƙali da ake iya ɗaure mutum a cikinta don ya yi lacca ba izini ko an ce ya zagi hakimi. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su, wasu sun bar garuruwansu, an raba aure saboda jam'iyya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku, kuma cikin abin da take nema har da 'yancin mata su jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Can ƙasar Tibi ma an yi tarzoma a 1960 da 1964 a kan mulkin NPC, jini ya zuba.

Faɗin haka bai rage wa Sardauna komai ba. Jami'ar da ya kafa tana nan, gidan rediyo da talabijin na Kaduna yana nan, ɗaliban da ya tura karatu da aikin soja sun riƙe ƙasar shekara da shekaru, kuma bai bar dukiyar da za a nuna ba. Amma in aka shafe faɗan da ke tsakaninsa da Malam, an shafe darasi mafi amfani ga talaka: cewa kakanninsa sun yi jayayya da masu mulki, sun biya da fatar bayansu, daga ƙarshe kuma sun ci nasara a wani ɓangare, domin da jam'iyyar PRP ta Malam ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali. Matashin da bai san wannan ba zai ɗauka shugaba nagari daga sama yake faɗowa, aikin talaka kawai ya jira.

Me ya sa aka shafe? Domin wanda aka kashe yakan tsira daga suka, musamman a al'ummar da ke ganin ambaton laifin mamaci rashin tarbiyya ne. Sannan 'yan siyasar yau, kowa yana son ya jingina da Sardauna da Malam a lokaci guda, to ba zai yi musu daɗi a tuna cewa biyun ba su ga maciji a siyasa ba.

Ajin da aka rufe

Makaranta ce ya kamata ta cike wannan giɓi, don ita kaɗai ce wurin da yaron Kano da na Aba za su iya karanta shafi ɗaya. Sai ga shi a sabuwar manhajar da aka tsara a 2007, wadda ta fara aiki wajajen 2009, an cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. A 2018 ministan ilimi Adamu Adamu ya ƙaddamar da manhajar dawo da shi, a ƙarshen 2022 kuma gwamnati ta sake bikin dawo da shi tare da shirin horar da malamai. Tsakanin cirewa da dawowa, yara miliyoyi sun gama makaranta. Su ne masu jefa ƙuri'a yanzu. Ko kafin a cire ɗin ma, ba kasafai malami ke kaiwa ga 1966 ba. An fi sakewa da Bayajida da daular Borno da zuwan Lugga, inda ba mai jin haushi.

Gwamnati ita ma ta zaɓi shiru. Bayan yaƙi Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Magana ce mai kyau da ta kwantar da hankali a lokacin, amma ba a biyo ta da zama a faɗi abin da ya faru ba. Kwamitin Mai Shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 ya saurari koke-koke a bainar jama'a, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Ranar 15 ga Janairu kuwa a hukumance ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce, a ajiye furanni a saki tattabaru, ba a cewa uffan game da ɗaya abin da ya faru a ranar.

Da aji ya rufe, sai waya ta buɗe. Akwai wani ɗan gajeren bidiyo baƙi da fari da ke yawo, inda wani ɗan jaridar Turai ke tambayar Sardauna game da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Arewa, shi kuma yana bayyana ra'ayinsa a kan 'yan ƙabilar Ibo. Matashin Gabas yana tura shi a matsayin hujjar ƙiyayya, na Arewa yana tura shi a matsayin hujjar hangen nesa. Babu mai tsayawa ya bayyana yadda ma'aikatun Arewa suke a lokacin, ko yawan 'yan Arewa da suka gama sakandare, ko abin da sauran yankuna ke yi a nasu ma'aikatun. Manhajojin sada zumunta kuwa an gina su ne su tura wa mutum abin da zai tsayar da yatsansa, kuma ba abin da ke tsayar da yatsa kamar fushi. Ga kuma maganganun da ake jingina wa matattu, a rubuta a jikin hotonsu ba tare da an faɗi inda suka yi su ba, ko ranar.

Inda abin ke fitowa fili

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai labari ne. Ku duba 2015. Yawancin matasan da suka kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'ar Buhari ba a haife su ba lokacin da ya yi mulkin soja na wata 20, daga ƙarshen Disamban 1983 zuwa Agustan 1985. Abin da suka gada shi ne yaƙi da rashin ɗa'a, bin layi, da mutumin da ba ya sata. Ba a cika gaya musu labarin Doka ta 4 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita ba, ko layin sayen madara da sabulu. A ƙetaren iyaka kuwa, Hausawan Nijar sun gaji wani labarin dabam na waɗannan shekaru: an rufe boda ana tsakiyar fari, har yunwar 1984 ta samu sunan El-Buhari. Harshe ɗaya, mutum ɗaya, shekara ɗaya, amma jikan Daura da jikan Maraɗi ba abu ɗaya aka ba su ba.

Ranar 6 ga Yuni 2017 gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. A Gidan Arewa da ke Kaduna suka yi sanarwar, wato harabar da aka kashe Sardauna. Martani suke mayarwa ga ƙungiyar IPOB mai neman kafa Biyafara, wadda jagoranta Nnamdi Kanu a 1967 aka haife shi, yawancin mabiyansa kuma ba su ga yaƙin ba. An janye wa'adin a watan Agusta, Allah Ya kiyaye. Amma an ga yadda matasan ɓangarori biyu suka ɗauko rigimar kakanninsu, kowa da rabin labarinsa a hannu.

Wani lokacin kuma yau ce ke tono jiya. Da gwamnatin Ganduje ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga Maris 2020, nan take aka tuno kakansa, Sarki Sanusi na Ɗaya, wanda ya bar gadon sarauta a 1963 aka kai shi Azare. A ranar ne matasa da yawa suka fara jin cewa gwamnatin Sardauna ce ta yi wancan, bayan binciken kuɗin En'e ta Kano da wani Bature, David Muffett, ya gudanar. Labarin yana nan tun da can, ba a dai buƙace shi ba sai ranar.

Nijar tana da misalin da ke nuna bambancin labarin da ke da mai kula da shi da wanda ba shi da shi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro sun buɗe wa ɗalibai wuta a Gadar Kennedy da ke Yamai, uku suka mutu. Har yau ƙungiyar ɗaliban ƙasar tana tunawa da ranar duk shekara, sabon ɗalibi yana shiga jami'a ake ɗora masa labarin. Amma jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959, aka kashe wasu 'ya'yanta aka ɗaure wasu bayan yunƙurin 1964, ta shafe shekaru ba a ambatonta a fili, har jikokin waɗanda suka yi ta suka taso da ɗan abin da aka raɗa musu a ɗaki.

Abin da za ku iya yi

Ba a cewa matashi ya daina son Sardauna ko Malam Aminu, ba a kuma cewa ya ƙaryata kakansa. Abin nema shi ne in an ba shi labari ya yi tambaya uku: wa ya faɗa, daga ina ya fara, a ina kuma ya tsaya? In an ce wane ya ce kaza, a tambayi a ina, wace rana, wa ya ji. In labarin ya fito da mutanenku tas babu ko ɗigon laifi, to akwai sauran da ba a ba ku ba.

Wuraren bincike ba a rufe suke ba. Gidan Arewa da ke Kaduna yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da ɗakin karatu da na adana takardu. Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, inda Malam Aminu ya zauna, yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Kabarin Tafawa Ɓalewa yana Bauchi, ana ziyartarsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta rubuta yawancin abubuwan nan da Hausa a lokacin da suke faruwa. Malaman jami'a kuma bashi ne a kansu su fito da abin da suka rubuta da Hausa, a sa a rediyo da waya, inda yaran suke.

Mafi gaggawa shi ne tsofaffin da suka rage. Wayar da kuke faɗa da ita a Facebook tana ɗaukar murya. Ku je wurin kaka ko tsohon sojan unguwarku ko tsohuwar da ta yi NEPU, ku gaishe su, ku nemi izini, ku kunna. Kada ku tsaya ga ranar da aka kashe Sardauna. Ku tambaye su nawa suke biyan haraji, wa ke karɓa, me ake yi wa wanda ya kasa biya, wace jam'iyya suka yi, su wa ke da shagunan Sabon Gari kafin 1966, kuma ina suka tafi. In kun gama, ku rubuta sunan mai maganar da garinsu da ranar da kuka ɗauka, ku tura wa 'yan'uwa don kada ta ɓace da wayar.